Tafiyar Ayari Zuwa Fadamun Haɗejiya: Lokaci, Wurin Zuwa da Masauki

Fadamun Haɗejiya da Nguru shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta tafkuna da gulabe da jigayin rairayi, wadda ta mamaye arewa maso gabashin Jihar Jigawa, ta shiga Jihar Yobe, ta kuma taɓa wani gefe na Bauchi. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin su iso Wudil, daga nan sunan ya koma Kogin Haɗejiya. Idan ya iso kewayen garin Haɗejiya sai ya tarar da tsofaffin tuddan rairayi sun gitta masa hanya, ƙasar kuma ba ta da gangara, don haka ruwan ya rarrabu rassa-rassa ya bazu cikin daji. Wani reshen ya bi ta Kafin Hausa, wani ya zama Burum Gana, wani kuma ya bi mashigar Marma ya zuba a tafkin Nguru. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, yana kawo nasa ruwan ta kudu. Abin da ya rage bayan ƙasa da rana sun sha rabonsu shi ne ke taruwa wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

Masu zuwa wannan yanki cikin ayari iri-iri ne. Akwai ɗaliban sakandare da na jami'a da malamansu ke kaiwa rangadin karatu, akwai ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ma'aikata masu neman hutun ƙarshen mako, akwai kuma masu sha'awar kallon tsuntsaye da ɗaukar hoto. Galibinsu suna fara shiri da tambayar inda za a kwana, sai nawa kowa zai biya, sannan a ƙarshe a tuna da abin da za a je gani. Wannan jeri a birkice yake. A fadama ruwa ne ke tsara komai: shi ke faɗin watan da ya dace, watan ya faɗi tafkin da ya cancanci zuwa, tafkin kuma ya faɗi garin da za a sauka.

Haka masu shirya tafiyar wasan sulu a kan dusar ƙanƙara suke yi a tsaunukan Faransa da Siwizalan da Ostiriya. Suna fara duba watan da ƙanƙarar ke kwanciya sosai, tsakanin Disamba da Afrilu, su zaɓi tsaunin da gangararsa ta dace da ɗan koyo da gwani a lokaci guda, sannan su nemi masaukin da ke kusa da inda ake hawa. Babu mai kama ɗaki kafin ya san ko akwai ƙanƙara. Mai zuwa fadamun Baturiya ko Dagona shi ma bai kamata ya kama ɗaki kafin ya san inda ruwa ya tsaya ba.

Lokacin tafiya

Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma cikar kogi tana zuwa a makare, domin ruwan da ya zuba a ƙasar Kano da Bauchi da Filato yana ɗaukar makonni kafin ya iso. Ambaliya takan kai ƙololuwa a Agusta da Satumba. A waɗannan watanni ƙasar tana da kyan gani ƙwarai, shinkafa kore shar har iyakar ganin ido, amma ba lokacin kai ayari ba ne. Hanyoyin ƙauyuka suna yankewa, wasu garuruwan sai da jirgin ruwa ake shigarsu, sauro ya yi yawa, kuma a wannan tsakanin ne aka fi samun haɗarin kifewar kwale-kwale. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun raba dubban mutane da gidajensu a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri da kewayen Haɗejiya kanta. Bai dace baƙo ya zo yawon buɗe ido a lokacin da masu gari ke tara buhunan ƙasa suna tare ruwa ba.

Daga Oktoba ruwa ke fara janyewa. A Nuwamba hanyoyin burji sun fara bushewa, ana yankan shinkafa, masunta kuma sun shiga kakarsu. Tsuntsayen ci-rani, waɗanda suka baro Turai da arewacin Rasha tun faɗowar sanyin can, sun riga sun ƙetare Sahara sun sauka, domin waɗannan fadamu suna cikin ruwan farko mai faɗi da suke tararwa bayan hamada. Sai dai a Nuwamba ruwan yana da yawa har yanzu, tsuntsayen a warwatse suke cikin dubban kududdufai, mai kallo zai sha yawo kafin ya ga taro mai yawa.

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ne lokaci mafi dacewa. Ƙananan kududdufai sun ƙafe, tsuntsaye sun tattaru a manyan tafkunan da suka rage, ƙasa ta yi tauri mota tana iya kusantar bakin ruwa, zafi kuma bai taso ba. Shi ya sa masana ke yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta shekara-shekara a watan Janairu. A ƙidayar da aka yi a waɗannan fadamu an samu fiye da 250,000 a 1995, fiye da 200,000 a 1996, sannan fiye da 320,000 a 1997, kuma an rubuta nau'in tsuntsaye kusan 377 a yankin baki ɗaya. Cikinsu akwai 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela da gauraka, akwai kuma baƙin agwagin Turai da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin taɓo. Illar wannan lokaci ita ce hunturu. Ranar da hazo ya sauka da kauri, ganin abin da ke tsallaken tafki yakan gagara, hoto kuma ya fito fari fat. Ayarin da ya ware kwana biyu ko uku ya fi wanda ya zo na yini guda samun damar dacewa da safiya mai haske.

Daga Maris baƙin tsuntsaye suna fara komawa arewa, ruwa ya ƙara janyewa, zafi ya kama. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 da rana. Wanda ya kai yara 'yan makaranta bakin tafki a irin wannan lokaci ya ɗora musu wahalar da ba ta da lada.

Akwai wani abu da ke sa kalanda kaɗai ba ta isa ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, kogin bai ƙara bin tsohuwar al'adarsa sak ba. A shekarun 1960 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A shekarun fari na 1980 da bayansu ta sha kasa kaiwa rabin haka. Sakin ruwa daga madatsun cikin rani ya sa wasu mashigu ba sa bushewa ko kaɗan, wannan kuwa ya ba ciyawar kacala damar mamaye su. Kacala tana toshe hanyar ruwa, ta karkatar da shi inda ba a zata ba, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye wa manoma hatsi. Saboda haka tafkin da ya cika bara zai iya zama fili bana, mashigar da jirgi ya bi shekaru biyu da suka wuce ta iya zama dajin kacala. Dole mai shirya tafiya ya yi magana da wani mazaunin wurin, masunci ko ma'aikacin gandun daji, mako guda ko biyu kafin ranar tashi, ya tambayi tafkin da ke da ruwa da kuma hanyar da mota ke bi a wannan makon.

Wurin da za a nufa

Wurare uku ne suka fi suna, kuma kowanne da irin ayarin da ya dace da shi.

Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, ita ce mafi kusa da Haɗejiya. Daji ne na gabaruwa da giyayya da kanya da goruba, da tafkuna barkatai a tsakaninsu. An sanya ta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar a 2008, sannan a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da dausayin Haɗejiya gandun daji na ƙasa, tare da wasu wurare tara da suka haɗa da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina. Baturiya ta fi dacewa da ayarin da ke iya tafiyar ƙasa, domin tafkunan ba a jere suke a bakin titi ba, sai an ajiye mota an taka cikin rairayi da ƙaya. Ɗaliban nazarin ƙasa da tsirrai za su fi samun abin koyo a nan, don wurin yana nuna yadda kiwo da su da saran itace da noman fadama suke gogayya a fili ɗaya. Dattawa da ƙananan yara za su gaji da wuri.

Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wurin farko a Nijeriya da aka sanya cikin jerin Ramsar, a shekarar 2000, da faɗin kadada 58,100. Ruwa ne mai faɗi da ba ya ƙafewa, kuma yana dab da garin Nguru, don haka wanda ba ya son doguwar tafiyar ƙasa zai iya sauka daga mota ya shiga jirgi. Ya fi dacewa da ayari mai gauraye, maza da mata, manya da yara, da kuma masu son ganin rayuwar masunta: taru da koma da gura, da dumbar da ake gittawa a mashigi, da wuraren banda kifi. A Nguru ne aka kafa hedikwatar shirin kula da fadamun da aka fara a 1987, wanda ya haɗa ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje.

Dagona, tsakanin Nguru da Gashuwa a ƙasar Bade, ƙaramin tafki ne da ya rage daga tsohon lanƙwasan kogi, kuma yana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi. Ƙanƙantarsa ce amfaninsa, domin mutum yana tsaye a gaɓa zai ga tsuntsaye dab da shi. Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarce shi a 1989. Masu kallon tsuntsaye na gaske da masu ɗaukar hoto su ne mutanen Dagona, kuma ayari ƙarami mai iya yin shiru shi ke cin moriyarsa. Bas biyu cike da ɗalibai masu hayaniya za su tashi tsuntsayen kafin na ƙarshe ya sauko daga mota.

Ana auna ayari da mafi rauninsa. Idan akwai mai ciwon ƙafa ko mai juna biyu ko wanda ke tsoron ruwa, shi ne zai yanke nisan da za a taka da tsawon zaman jirgi. Idan mutane sun haura ashirin, gara a raba su gida biyu, masu ƙarfi su fita da asuba zuwa daji, sauran su fita da hantsi zuwa wuri mai sauƙi, a haɗu wajen cin abinci. Kwaɗayin haɗa wuraren nan uku a yini ɗaya yakan ƙare da zaman mota daga safe har dare.

Garin Haɗejiya kansa ya cancanci rabin yini, musamman tsakar rana da tsuntsaye ke laɓewa. Akwai fadar sarki da ragowar ganuwa, akwai tarihin yaƙin 1906 wanda Sarki Muhammadu ya tsaya ya fuskanci sojojin Ingila har aka kashe shi, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada. Akwai kabarin Kyaftin Filibs, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa suna Mai Tumbi. Akwai kuma kasuwar kifi, wadda 'yan kasuwa ke zuwa daga kudancin ƙasar nan su yi lodi.

Jirgin ruwa

Wannan shi ne wurin da ganganci ke kashe rai, don haka ba a barinsa sai an isa bakin ruwa. Tun kafin zuwa ake neman mai fito ta hannun sarkin ruwa ko maigari, a san girman jirginsa da adadin mutanen da ya saba ɗauka, sannan a rage daga wannan adadin, domin baƙi ba su iya zaman kwale-kwale ba, sukan miƙe tsaye don hoto ko su karkata gefe ɗaya gaba ɗaya. Rigar ceto ba kasafai ake samunta a mashaya ba, sai ayari ya zo da tasa, ɗaya ga kowane mutum, a kuma sa ta kafin a taka jirgi. Ba a shiga ruwa bayan magariba, ba a kuma shiga ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi a buɗaɗɗen tafki. Jirgin gora ya fi mai inji dacewa da kallon tsuntsaye saboda ba ya ƙara, yana kuma ratsa ƙananan mashigu. Wanka da wasan ruwa a tafki abin gudu ne, domin tsargiya ta yi yawa a ruwan da ke kwance, kuma shiga ɗaya ya isa a ɗauke ta.

Masauki

Ma'aunin farko na masauki shi ne nisansa da bakin ruwa. A Janairu rana tana fitowa wajen bakwai saura kwata, kuma daga nan zuwa ƙarfe tara ne tsuntsaye ke kiwo da shawagi. Sai kuma bayan la'asar. Wanda ya kwana a Kano, mai nisan kusan kilomita 200 daga Haɗejiya ta hanyar Gujungu, ko a Dutse saboda kyan otal, zai iso rana ta take, ya tarar da tafki shiru. Masaukin da ya dace shi ne wanda za a yi sallar asuba a cikinsa, a sha shayi, a kuma iso bakin ruwa kafin gari ya gama wayewa. Wannan ya sa Haɗejiya ce masaukin mai zuwa Baturiya, Nguru ta mai zuwa tafkinta, Nguru ko Gashuwa kuma ta mai zuwa Dagona. Titin da ya haɗa Haɗejiya da Nguru ta Kirikasamma ya sauƙaƙa wa mai kwana uku ya raba kwanansa tsakanin garuruwan biyu.

Otal da gidajen baƙi na waɗannan garuruwa matsakaita ne, ɗakunansu ba su da yawa. Ayarin mutum talatin da wuya ya samu wuri ɗaya da zai ɗauke shi idan bai kama da wuri ba, kuma rarrabuwa gida uku tana cinye sa'ar asuba wajen tattara mutane. Lokacin hawan salla, ko bikin wani babban gida, ko taron siyasa, ɗakuna sukan ƙare ƙaf. Mafi kyau a tura mutum ɗaya ya je ya gani da idonsa, ko a wakilta ɗan gari amintacce, domin hoton waya ba ya nuna ko famfo yana kawo ruwa. Abubuwan dubawa sanannu ne: ruwa da banɗaki, awa nawa janareta ko sola ke aiki da dare, ragar taga da gidan sauro, wurin ajiye mota a cikin katanga, da ɓangaren da mata za su keɓe da nasu banɗakin. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake ƙara wa ɗaki kuɗi saboda ita, ba ta da wani amfani a Janairu. Bargo da ruwan zafi na wanka sun fi ta daraja, don sanyin asuba a bakin fadama yana shiga ƙashi.

Ayarin ɗalibai yana da wata ƙofar. Makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa suna kusa da fadamun, kuma makaranta takan rubuta wa 'yar'uwarta takarda ta nemi wurin kwana lokacin hutu. Wannan sai da takarda a hukumance da kuma isasshen lokaci.

Kwana a ƙauye, a zauren maigari ko a ajin firamare, shi ne mafi kusa da ruwa kuma mafi arha, amma yana da nauyinsa. Mutanen karkara ba sa mayar da baƙo, za su yanka kaza su dafa shinkafa ko da ita ce ta ƙarshe a rumbu, kuma ba za su faɗi farashi ba. Ayarin kirki yakan zo da buhun shinkafarsa da mai da kayan miya, ya ba matan da suka yi girki hakkinsu, ya kai wa maigari goro, ya kuma bar wa makarantar ko masallacin wani abu. Irin wannan kwana ya dace da mutum goma ko ƙasa da haka, masu tabarma da gidan sauro da fitila. Ya wuce haka, ya zama ɗora wa gari kaya.

Izini, kuɗi da mota

Baturiya da Dagona wurare ne masu kariya, akwai ma'aikatan da ke tsaronsu, kuma ana neman izini kafin shiga. Farauta da harbin tsuntsu da ɗibar ƙwai haramun ne a cikinsu. Bayan izinin hukuma akwai na gargajiya. Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas, kowace da hakimai da dagatai da bulamai, kuma ayarin da ya fara kai gaisuwa wurin mai gari yakan fito da ɗan rakiya wanda ya san kowace hanya. Mazauna yankin Hausawa ne da Mangawa da Badawa da Fulani, kusan kowa yana jin Hausa. Ba a ɗaukar hoton mata a mashaya ko na rugar Fulani sai an tambaya. Bayan kaka, lokacin da garkunan shanu ke gangarowa fadama, akan samu saɓani tsakanin manoma da makiyaya a wasu sassan Guri da Kirikasamma, don haka yana da kyau a tuntuɓi ofishin 'yan sanda na yankin a ji halin da ake ciki, a kuma bar musu sunayen matafiya da ranar komawa.

A wajen kuɗi, karo-karo tun kafin tashi ya fi kowa ya biya nasa a hanya. A naɗa ma'aji ɗaya mai rubuta komai, a ware kason ko-ta-kwana don faci da ƙarin mai da jinya, a kuma amince tun farko cewa wanda ya fasa bayan an biya kafin alƙalamin ɗaki da mota ba zai karɓi wannan kason ba. Tsabar kuɗi ƙanana dole ne, domin mai fito da ɗan rakiya da mai kifi a bakin ruwa ba su da na'urar cirar kuɗi, sabis ɗin waya kuma yakan ɗauke a cikin daji.

Doguwar bas tana kai mutane Haɗejiya ko Nguru lafiya, amma ba ta shiga rairayi. Daga inda kwalta ta ƙare sai mota mai tsayin ƙafa ko babura, kuma ana shirya su tun jajiberin fita, a yi ciniki har da jira da dawowa. A cika tanki a gari, a ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zato, da maganin zazzaɓi da na ciwon ciki da takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji. Babban asibiti mafi kusa yana Haɗejiya ko Nguru ko Gashuwa, gwargwadon wurin da aka nufa, kuma ya kamata direba da shugaban ayari su san hanyarsa kafin a bar gari. Ranar komawa kuma a tashi da hantsi, yadda masu zuwa Kano ko Dutse za su isa gida da sauran rana.